Yaya likitoci ke bambanta jakar ruwa ta arakanoyid da sauran jakunkunan da ke fitowa a cikin kai?

Babban Wa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga likitoci da sauran masana lafiya da ke wannan zaure game da wani al'amari da ya hana gidanmu sakat. Ƙanina, wanda shekarunsa 19, ya faɗi daga kan babur ya bugu a kai, aka kai shi asibiti aka yi masa hoton CT. Alhamdu lillahi, ba a ga karaya a ƙoƙon kansa ba, ba a kuma ga zubar jini ba. Sai dai rahoton ya ce an ga wata jakar ruwa a ɓangaren hagu, a ramin ƙoƙon kai da ke daidai gaban kunne, faɗinta ya kai kimanin santimita 3, kuma wanda ya karanta hoton ya rubuta cewa ga dukkan alamu irin wadda ake kira jakar arakanoyid ce.

Likitan da ya fara duba shi ya ce mu kwantar da hankalinmu, domin da ita aka haife shi, faɗuwar ce kawai ta sa aka gan ta. Wani likitan kuma da muka nuna wa hoton ya ce gara a yi wani irin hoto mai suna MRI, don a tabbatar ba wata ce mai suna epidamoyid ba. A cikin dangi kuwa magana ta rabu: wasu na cewa duk abin da ya fito a ƙwaƙwalwa ciwon daji ne ana ɓoye mana, gwaggonmu kuma ta dage cewa tsutsa ce, saboda ta san wani yaro da aka ce tsutsa ta shiga kansa har ta jawo masa farfaɗiya. Kuɗin MRI ba kaɗan ba ne, kuma sai mun yi tafiya zuwa wani gari kafin mu samu inda ake yi.

Abin da nake so in fahimta shi ne: da me likita ke dogara idan ya dubi hoto ya ce wannan jakar arakanoyid ce, ba ƙari ba, ba tsutsa ba, ba wani abu dabam ba? Kuma shin hoton CT kaɗai ya isa a yanke hukunci, ko kuwa likita na biyu yana da hujja? Allah ya saka da alheri.

Likitan Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara masa lafiya. Aikina shi ne karanta irin waɗannan hotuna, don haka zan yi maka bayanin yadda muke tunani, duk da cewa ban ga hoton ƙaninka ba, kuma maganar da za ta zama hukunci ita ce ta likitan da ya riƙe shi a hannu.

Ƙwaƙwalwa tana lulluɓe da tantani hawa uku: na waje mai kauri da ke manne da ƙashi, na tsakiya siriri wanda shi ne arakanoyid, da na ciki da ke like da ƙwaƙwalwar kanta. Waɗannan tantani su ne sanƙarau ke kumburawa. A ƙarƙashin na tsakiyan akwai wani ruwa garau da ke kewaya ƙwaƙwalwa da laka. A jikin babban mutum yakan kai kimanin mililita 150 a lokaci guda, kuma jiki na samar da kusan mililita 500 a kowace rana yana shanye tsohon. Jakar arakanoyid na samuwa ne idan wannan tantani na tsakiya ya rabe gida biyu, galibi tun jariri yana ciki, sai ruwan ya taru a tsakani. Wani likitan Ingila mai suna Richard Bright ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1831. Ba abu ne mai wuyar samu ba: a Jami'ar Michigan ta Amurka an bi hotunan MRI na manya fiye da 48,000 aka same ta a kashi 1.4 cikin 100, a yara kuma, cikin hotuna fiye da 11,000, aka same ta a kashi 2.6 cikin 100. Ta fi yawa a maza, ta fi son ɓangaren hagu, kuma kusan rabinta ko fiye a wannan rami na gaban kunne ake samu. Ka ga ke nan siffar da ka bayar ta ƙaninka ta zo daidai da wadda muka fi gani.

Tambayar farko da nake yi wa kowace jaka ita ce a ina take zaune, a cikin naman ƙwaƙwalwa ko a wajensa. Ta arakanoyid a waje take, tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙashi. Tana ture ƙwaƙwalwa gefe ba tare da ta shiga cikinta ba, gefenta sumul yake, bangonta siriri ne har ba ya fitowa a hoto, kuma saboda ta daɗe a wurin tun ƙashi yana da taushi, sau da yawa za ka ga ƙashin da ke kanta ya sirance ko ya ɗan turo waje. Wannan alamar ƙashi tana da daraja a wurinmu, domin abin da ya fito jiya ba ya sake wa ƙashi siffa.

Ta biyu, mene ne a cikinta. Na'urar CT tana auna kaurin kowane abu da lamba: ruwa zalla sifiri ne, ruwan ƙwaƙwalwa ya ɗan haura sifiri kaɗan, sabon jini ya fi haka nesa, kitse kuma yana can ƙasa da sifiri, wajen ɗari. Da wannan kaɗai za a iya fitar da jakar damoyid, wadda ke ɗauke da kitse, wani lokaci har da gashi, kuma ta fi zama a tsakiyar kai. Idan aka yi wa marar lafiya allurar rini ta jijiya, jakar arakanoyid ba ta ɗaukar rinin ko kaɗan. Ƙari mai ruwa a ciki kuwa, irin wanda ake samu a ƙeyar yara, yawanci yana da wani dunƙulen nama a jikin bangonsa wanda ke haskawa da zarar rinin ya shiga. Ƙurjin ƙwaƙwalwa, wato taruwar mugunya da kan biyo bayan ciwon kunne mai ruwa da ya daɗe ko ciwon kogunan hanci, bangonsa duka ke ɗaukar rini ya yi zobe, naman da ke kewaye da shi ya kumbura, kuma mai shi ba ya yawo lafiya lau har sai ya faɗi daga babur kafin a gane. Ba laifi ba ne dangi su ji tsoron ƙari, domin hoton CT na farko da aka taɓa yi wa marar lafiya, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan a watan Oktoba na 1971, ƙari mai ruwa ya nuna a gaban ƙwaƙwalwar wata mata. Amma ƙari yana da alamominsa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a rahoton da ka kawo.

Inda gizo ke saƙa shi ne epidamoyid ɗin da likita na biyu ya ambata. Ita ba ruwa ne a cikinta ba. Ƙwayoyin fata ne da suka maƙale a cikin kai tun makonnin farko na ciki, tsakanin mako na 3 da na 5, lokacin da bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ke rufewa. Suna ci gaba da zubar da ɓawo kamar yadda fatar jiki ke yi, ɓawon ya rasa inda zai tafi, ya taru a hankali shekara da shekaru ya zama wani farin abu mai sheƙi. Matsalar ita ce a hoton CT lambar wannan abu ta yi kusa ƙwarai da ta ruwan ƙwaƙwalwa, ita ma a wajen naman ƙwaƙwalwa take, ita ma ba ta ɗaukar rini. Ko a MRI, hotuna biyu na yau da kullum da ake fara ɗauka suna iya nuna su iri ɗaya. Abin da ke raba gardama hotuna biyu ne na musamman. Na farko shi ne FLAIR, wanda ke shafe hasken ruwan ƙwaƙwalwa: jakar arakanoyid takan yi baƙi ƙirin, epidamoyid kuwa takan fito da dauɗa-dauɗa domin ba ta shafuwa gaba ɗaya. Na biyu, wanda ya fi ƙarfi, shi ne DWI, wanda ke auna yadda ƙwayoyin ruwa ke motsi. A jakar arakanoyid ruwa sake yake, don haka takan yi duhu. A epidamoyid ɓawon ya takure shi, sai ta yi haske fau, yadda ko ɗalibi ba zai kasa gani ba.

Tambaya ta uku ita ce yadda jakar ke yi da maƙwabtanta. Ta arakanoyid tana ture jijiyoyi gefe. Epidamoyid kuwa kamar kunu take da aka zuba a kan tsakuwa: tana bin kowane lungu, ta kewaye jijiyar jini da ta ji ta rungume su, gefenta kuma ba sumul ba ne. Ta fi yawa a kusurwar da ke bayan kunne ta ciki, inda take taɓa jijiyar ji da ta fuska, mai ita ya zo da raguwar ji ko zafin ɓarin fuska.

A ganina likitocin biyu ba su saɓa ba. Na farko ya faɗi abin da ya fi yiwuwa, na biyu yana son ya rufe ƙofar da CT ba ya iya rufewa. Bambancin yana da amfani, domin epidamoyid tana girma a hankali kuma ƙarshenta sau da yawa tiyata ne, alhali mafi yawan jakunkunan arakanoyid ba a taɓa su har abada. Idan da hali, a yi MRI sau ɗaya, ba da gaggawa ba. Amma kafin ku biya, ku roƙi likita ya rubuta a takardar cewa ana buƙatar DWI da FLAIR, ku kuma tambayi wurin ko na'urarsu tana yin su, domin MRI da babu DWI bai amsa tambayar da aka tura ku dominta ba.

Likitan Dabbobi ya amsa:

Malam, ni ba likitan mutane ba ne, amma maganar gwaggonku ta shigo fagen aikina, kuma ina ganin bai kamata a yi watsi da ita ba, ko da yake ina kyautata zaton ba ita ce matsalar ƙaninka ba. Tsutsotsi biyu ne ke yin jaka a ƙwaƙwalwar mutum har a ruɗe su da wata jakar.

Ta farko ita ce tsilar alade. Mutane da yawa a wajenmu suna ɗauka cewa tunda ba sa cin naman alade, wannan ba ta shafe su ba, kuma wannan fahimta ce da nake so a gyara. Cin naman da bai dahu ba shi ke sa babbar tsila ta zauna a hanjin mutum. Amma jakar da ke zuwa ƙwaƙwalwa ba daga naman take ba, daga ƙwan tsilar ne, wanda ke fita a bayan gidan mai ɗauke da ita, ya shiga ruwan sha, ko ganyen da aka yi ban-ruwansa da gurɓataccen ruwa, ko abincin da aka taɓa da hannun da ba a wanke ba. A 1992 an ba da rahoton wasu Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin New York, waɗanda ba sa kusantar alade, da aka samu wannan jaka a ƙwaƙwalwarsu, kuma bincike ya karkata ga masu aikin gidajensu da suka fito daga ƙasashen da tsilar ta yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankunan da cutar ta zauna, ita ke jawo kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Ana samunta a yammacin Kamaru, da arewacin Gana, da sassan Najeriya da ake kiwon alade sake, kuma duk wuraren nan akwai Hausawa da ke zaune ko suke fatauci. Tsilar shanu, wadda muka fi sani, ba ta yin wannan a ƙwaƙwalwa.

A hoto, jakunkunan tsilar alade ƙanana ne, yawanci ba sa wuce santimita 1 zuwa 2, sau da yawa fiye da ɗaya, a cikin naman ƙwaƙwalwa, kuma a cikin jakar akan ga wani ɗigo wanda shi ne kan tsutsar. Idan ta fara mutuwa sai wurin ya kumbura ya ɗauki rini, a lokacin ne farfaɗiya ta fi tashi, daga baya ta bushe ta bar ɗan farin tabo mai tauri da CT ke gani sarai. Akwai wani nau'i nata da ke girma a hanyoyin ruwa na ƙasan ƙwaƙwalwa, jakunkuna da yawa manne da juna babu ɗigon kai, kuma wannan ne likitoci ke cewa yana iya kama da jakar arakanoyid.

Ta biyu ita ce ta karnuka, wadda mahauta suka san jakarta ko da ba su san sunanta ba: ita ce ƙullin ruwan da ake gani a huhu da hantar raƙuma, tumaki da shanu a mayanka. Idan aka yanke wurin aka jefa wa kare, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashinsa, mutum ya haɗiya ba da saninsa ba. An san yankin Turkana na Kenya da yawan wannan cuta, ana kuma samunta a Sudan da sauran ƙasashen makiyaya. A jikin mutum hanta ta fi kamawa, sai huhu. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, kuma yara sun fi shiga ciki. Takan zama guda ɗaya, babba, a mulmule sosai, a cikin naman ƙwaƙwalwa, ba tare da kumburi a kewaye ba. Muhimmancin gane ta shi ne ba a huda ta. Idan ruwanta ya zube a cikin kai yana iya tayar da mummunan borin jini, kuma kowane ɗan kan tsutsa da ke ciki zai iya zama sabuwar jaka, don haka likitocin tiyata ke ƙoƙarin fito da ita ɗungurungum. Jakar arakanoyid kuwa, idan za a yi mata aiki, hudawar ce maganin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa likita ba ya son ya shiga kan mutum da zato.

Babban Wa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, likitoci, Allah ya ƙara basira. Mun yanke shawarar za a yi MRI ɗin, kuma zan tabbatar an rubuta hotunan nan biyu a takardar. Akwai sauran abu biyu da nake son sani. Tun yana makarantar sakandare yakan yi ciwon kai lokaci zuwa lokaci, musamman idan ya sha rana ko bai yi barci sosai ba; shin jakar ce ke jawo shi, kuma idan aka cire ta zai rabu da shi? Na biyu, matar wani abokina tana da ciki, an yi mata hoton ciki aka ce an ga jakar ruwa a kan jaririn. Shin irin ta ƙanina ce?

Likitar Yara ta amsa:

Malam, zan ɗauki tambayarka ta biyu, in bar ta ciwon kai ga masu tiyata. Kalmar jakar ruwa a rahoton hoton ciki tana ɗaukar abubuwa da yawa waɗanda makomarsu ta bambanta ƙwarai, don haka abin da ya kamata abokinka ya fara yi shi ne ya tambayi ainihin sunan da aka rubuta da kuma wurin da aka gan ta.

Wadda aka fi gani a tsakiyar watannin ciki ita ce ƙaramar jaka a cikin sashen da ke samar da ruwan ƙwaƙwalwa, a cikin kogunan ruwa na gefe, wato ramukan da ke ɗauke da wannan ruwa a cikin ƙwaƙwalwa. Ana ganinta a kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na masu ciki da aka yi wa hoto a wata na biyar, kuma galibi takan ɓace da kanta kafin mako na 28. Idan ita kaɗai ce, sauran gaɓoɓin jaririn lafiya, ba ta taɓa basirarsa. Dalilin da ya sa mai hoto ke sake duba zuciya da hannuwa da kyau idan ya gan ta shi ne wani lokaci takan zo tare da wata matsalar ƙwayoyin gado, amma a irin wannan hali akan ga wasu alamun tare da ita.

Wurin da muka fi shan wahalar bambancewa shi ne ƙeya, bayan ƙaramar ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton tafiya. Abubuwa da dama kan bayyana a nan a matsayin tarin ruwa. Akwai faɗaɗar wurin ruwa na asali da ke nan, wanda idan ya wuce milimita 10 ake ba shi suna, amma ƙaramar ƙwaƙwalwar cikakkiya ce, ba a matse ta ba, ruwa na wucewa yadda ya kamata. Wannan yawanci bambancin halitta ne kawai. Akwai jakar arakanoyid ta ƙeya, wadda ita rufaffiya ce, tana danna ƙaramar ƙwaƙwalwa gaba, amma ita ma ba ta rage mata komai a halitta ba. Sannan akwai cutar Dandy-Walker, inda tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwa bai gama ginuwa ba, kogon ruwa na huɗu ya buɗe ya zama ƙatuwar jaka, ramin ƙeya ya faɗaɗa, kuma yawancin yaran sukan samu taruwar ruwa a kai. Abin da muke nema a hoton da aka yanka ta tsakiya shi ne wannan tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwa: tana nan cikakkiya an ture ta ne, ko kuwa ba ta ginu ba? Amsar ita ke gaya mana abin da za mu faɗa wa iyaye game da tafiya da magana da karatun yaron nan gaba, shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a gaya wa uwa sunan cuta daga hoton ciki guda ɗaya ba tare da an maimaita ba.

Bayan haihuwa, muddin maɗiga ba ta rufe ba, ana iya leƙa ƙwaƙwalwar jariri ta nan da na'urar hoton ciki, ba tare da an sa shi barci ba kuma da kuɗi kaɗan. A nan muke haɗuwa da wasu abubuwa da suka fi yawa a asibitocinmu saboda doguwar naƙuda, haihuwar bakwaini da sanƙarau. Ɗaya shi ne ramin da ke saura bayan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya mutu saboda rashin jini ko zubarsa, ruwa ya cike gurbin. Wannan a cikin naman yake, sau da yawa yana haɗe da kogon ruwa, ba ya ture komai, hasali ma ɓangaren kan da yake ciki yakan zama ƙarami, kuma yaron kan zo da raunin hannu da ƙafa na ɗaya ɓarin ko farfaɗiya. Jakar arakanoyid tana neman wuri ne ta samu, wannan kuwa wuri ne da aka rasa. Wani kuma shi ne ruwan da kan kwanta a ƙarƙashin tantani na waje bayan sanƙarau, wanda yake shimfiɗe a saman ƙwaƙwalwa, ba a dunƙule ba. Sanƙarau da kansa, ko rauni, ko zubar jini, suna iya sa tantanin arakanoyid ya manne ya tare ruwa ya zama jaka, don haka idan yaro ya taɓa yin sanƙarau, a gaya wa likita ko bai tambaya ba.

Likitan Tiyatar Ƙwaƙwalwa ya amsa:

Malam Babban Wa, abokan aikina sun yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara jaka ɗaya da ba a ambata ba, sannan in zo kan ciwon kai, wanda a wurina shi ne mafi muhimmanci a duk abin da ka tambaya.

Jakar ita ce koloyid. Ƙarama ce, sau da yawa ba ta kai santimita 2 ba, amma tana zama ne a daidai mashigar da ruwa ke bi daga kogunan gefe zuwa kogo na uku. A CT yawanci fara take fitowa, ba baƙa ba, don haka ba a cika ruɗa ta da arakanoyid ba. Na kawo ta ne domin mutane su san cewa girman jaka ba shi ne ma'aunin haɗarinta ba: wannan ƙaramar tana iya toshe ruwa farat ɗaya ta kashe mutum, alhali jakar arakanoyid da ta ninka ta sau biyar tana iya zama a kan mutum har tsufa bai sani ba. Wurin zama shi ne abin dubawa. Ko a cikin jakunkunan arakanoyid ɗin, wadda ke saman glandar da ke sarrafa sinadaran girma ta fi damunmu, saboda tana iya danne jijiyar gani, ta toshe ruwa, ta kawo balaga da wuri, ko ta sa yaro ya riƙa gyaɗa kai ba da sonsa ba. Masu zama a inda ta ƙaninka take, wani likitan Italiya mai suna Galassi ya kasa su kashi uku a 1982, daga ƙarama wadda ba ta ture komai zuwa babba wadda ke karkatar da ƙwaƙwalwa zuwa ɗaya ɓangaren. Mai santimita 3 ba ta cikin manyan.

Ciwon kai ya yi yawa a cikin mutane, jakar arakanoyid ma ba ta da wuyar samu, saboda haka dole su riƙa haɗuwa a kan mutum ɗaya ba tare da ɗaya ta jawo ɗaya ba. Ciwon da ke tashi idan an sha rana ko an rasa barci, ya lafa da hutu, shekara da shekaru bai ƙaru ba, ya fi kama da ciwon ɓarin kai ko na gajiya. Ciwon da matsin cikin kai ke kawowa dabam yake: ya fi tsanani da asuba ko idan an kwanta, yana ƙaruwa mako bayan mako, yana zuwa da amai ko dishi-dishin gani, kuma idan likita ya haska cikin ido zai ga jijiyar gani ta kumbura. Wannan duba na ido ba shi da tsada, ina ba da shawarar a yi masa. Ba na yarda in buɗe kan saurayi saboda ciwon kai kawai idan babu waɗannan alamu, domin an sha yin aikin jakar ta ragu ciwon yana nan, ga kuma haɗarin da aikin ke ɗauke da shi. Idan aiki ya wajaba, ko dai a huda bangon jakar, da na'urar leƙe ko ta buɗe ƙashi, don ruwanta ya haɗu da sauran ruwan, ko a sa siririn bututu da zai riƙa kai ruwan daga kai zuwa cikin ciki, wanda shi kuma yana iya toshewa ko ya kamu da ƙwayar cuta. A wannan binciken na Michigan da aka ambata, mafi yawan jakunkunan manya da aka bi sawunsu ba su canza girma ba.

Abu ɗaya ne nake so ku sa wa ido, musamman da yake ya bugu kwanan nan. Masu jaka a wannan wuri sun fi sauran mutane yiwuwar samun zubar jini ko ruwa a ƙarƙashin tantani na waje bayan bugu, domin ƙananan jijiyoyin da ke ratsa bangon jakar ba su da abin jingina. Wannan ba ya faruwa ga mafi yawansu, amma idan zai faru yana iya ɗaukar makonni kafin ya bayyana, ko da hoton ranar farko ya fito lafiya. Idan kuka ga ciwon kansa ya sake salo yana ƙaruwa, ko yana amai, ko barci ya yi masa yawa, ko magana ta rikice, ko hannu ko ƙafa sun yi nauyi, ko ya yi jijjiga, a koma asibiti a ranar a sake hoto, kada a jira ranar MRI. Ba na hana irinsa harkokinsa na yau da kullum, amma ya riƙa sa hular kwano duk lokacin da zai hau babur, ya kuma bar dambe. Ku karɓi faifan hoton CT ɗin kansa, ba takardar rahoto kaɗai ba, ku tafi da shi wurin MRI, domin mai karantawa ya ɗora su gefe da gefe ya auna jakar a duka biyun.